Talaka Tsakanin Sarakuna Biyu: Zaman Garuruwan Arewacin Kano a Lokacin Basasa, 1893-1895

Gabatarwa

Idan aka ce "yaƙin basasa" a yau, abin da kan faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne yaƙin da aka yi a Nijeriya daga 1967 zuwa 1970. Amma tun kafin wannan da shekara fiye da saba'in Kanawa suke da tasu Basasar, watau rikicin sarauta tsakanin Tukurawa da Yusufawa wanda ya fara a ƙarshen 1893 ya ƙare a 1895. Ita kanta kalmar daga Larabci aka aro ta. Asalinta yaƙin Basusu ne, wanda ƙabilun Bakar da Taglib suka yi a zamanin Jahiliyya a kan wata taguwa, alhali kuwa 'yan'uwan juna ne. Malamai suka ɗauki sunan suka laƙaba wa duk wani yaƙi na cikin gida.

Littafin Tarihin Kano na Larabci, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya tsaya ne a kan sarautar Muhammadu Bello, watau a bakin ƙofar wannan yaƙi. Waɗanda suka ɗora daga nan, kamar Alhaji Abubakar Dokaji a cikin Kano Ta Dabo Cigari, da Adamu Fika a littafinsa na 1978, sun fi mai da hankali ga fada: wa aka naɗa, wa aka tuɓe, wa ya bi wa. Wannan maƙala za ta juya ta dubi ƙauye ne. Manufarta ita ce a ga halin da manomi da masaƙi da bawan gandu suka shiga a garuruwan da ke arewa da birni sa'ad da rundunar wani ɓangare ta sauka a kansu. Hanyar da za a bi kuwa ita ce a ɗora abin da ya tabbata na tarihin yaƙin a kan tsarin noma da haraji da yaƙi na wancan zamani.

Asalin rikicin a taƙaice

Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1882, ya bar 'ya'ya masu yawa. Ɗan'uwansa Muhammadu Bello ya gaje shi. A cikin shekarun mulkinsa Bello ya yi ta raba 'ya'yan Abdullahi da sarautunsu yana ɗaukaka nasa, har ɗansa Tukur ya zama Galadima. Bello ya rasu a watan Nuwamba na 1893, daidai da shekarar 1311 ta Hijira, Wazirin Sakkwato Buhari yana cikin Kano. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umurni a naɗa Tukur, wanda ya yi masa bajinta a yaƙin Argungu, ko da yake mafi yawan manyan Kano sun fi karkata ga Yusufu ɗan Abdullahi.

Yusufu da 'yan'uwansa suka fita daga birni suka yi sansani a Takai, kudu maso gabas. Harin da suka fara kai wa Kano bai yi nasara ba, Tukur kuwa ya gwada rashin tausayi ga waɗanda aka kama. Daga nan Yusufawa suka juya suna cin garuruwan gabas, har da Gaya da Dutse. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, jama'arsa suka naɗa ƙanensa Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu. Mahaifiyar Alu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, wannan kuwa ya taimaka wajen zaɓensa. A watan Agusta na 1894 Alu ya shiga Kano. Tukur ya fita ya nufi Kamri a kan iyakar Katsina, a zamanin Sarkin Katsina Abubakar. A watan Maris na 1895 aka ci shi da yaƙi a Tafashiya, nan ne kuma ajalinsa ya samo asali.

Abin lura a nan shi ne, yaƙin ya fara ne daga kudu da gabas, amma a arewa da arewa maso yamma ya ƙare. Duk ƙasar da ke tsakanin birni da iyakar Katsina ta zama hanyar runduna har wata bakwai.

Yadda ƙasar take kafin yaƙi

Karkarar da ta kewaye Kano tana cikin wurare mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Gona tana manne da gona, ba a barin saura ta huta sai kaɗan, da taki ake riƙe ƙarfin ƙasa, jakuna suna ɗauko shi daga turke da jujin birni. Ana shuka gero da dawa da wake tare, ga auduga da baba, ga gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaitsaye cikin gonaki, kowace bishiya da mai ita. Da rani kuma sai a koma saƙa da rini da fatauci da noman fadama a bakin Jakara da Tomas. Minjibir ta yi suna a kan saƙa, Dawakin Tofa a kan ginin tukwane.

Zaman mutane iri biyu ne. Kusa da birni akwai gidaje a warwatse, kowane magidanci a tsakiyar gonarsa, domin inuwar ganuwar Kano ta ishe shi. Can gaba kuwa sai garuruwa masu ganuwa ko kafi, da sarƙaƙiya a kewaye. Arewa ta daɗe da sanin fitina. Tun zamanin Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, aka yi ta fama da Ɗan Tunku a wajen Dambatta, kafin ya kafa Kazaure. Saboda wannan ne Fanisau ta zama ribaɗi, a can ma Baturen nan Clapperton ya tarar da Dabo a 1824. Daga baya ta zama ɗaya daga cikin manyan gandayen sarki, inda bayi suke noma a ƙarƙashin manyan bayin fada irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama.

Wajen mulki, hakimai a birni suke zaune. Kowane gari yana da uban ɗakinsa a fada, jakada ne ke kai da kawo tsakaninsu. Shi ke zuwa karɓar kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi da zakka. Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ce kuɗin ƙasa wuri 2,500 ne a kan kowane magidanci. Wannan tsari yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya, domin da hakimi ya zaɓi ɓangare a birni, to, ya zaɓar wa garuruwansa ke nan, ko an shawarce su ko ba a shawarce su ba. Daɗin daɗawa, yaƙin ya tarar da ƙasa a raunane. Annobar shanu da ta ratsa ƙasar Hausa wajen 1891 ta karkashe garkuna, shanu kuwa su ne taki, su ne ajiyar da akan sayar ranar wuya.

Yaƙi da kalandar manomi

In ana son a fahimci nauyin Basasa a kan talaka, sai a auna ta da shekarar noma. Bisa al'ada da rani ake fita yaƙi, bayan an gama kaka, hanyoyi sun bushe, samari sun sami sarari. Da ruwa ya sauka sai runduna ta watse kowa ya koma gona. Basasa ba ta bi wannan ƙa'ida ba.

Bello ya rasu ne dawa tana shiga rumbu. Saboda haka watannin farko na yaƙin an yi su ne a kan amfanin 1893, wanda manomi ya tanada don ya kai shi wata kaka. Yaƙi bai tsaya ba da damina ta faɗi. Shigar Alu Kano ta zo ne a cikin marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai gama nuna ba, mata suna haɗawa da tafasa da rama da yaɗiya don tuwo ya kai. A daidai wannan lokaci ne dubban mutane da dawaki suka kwararo arewa, waɗansu suna gudu waɗansu suna bi. Gero mai tumu a bakin hanya ba ya tsira daga mayunwacin ɗan yaƙi, doki kuma ba ya bambanta ciyawa da shuka. Kakar 1894 kuwa an yi ta ne sarakuna biyu suna raye, kowannensu yana ganin zakkar ƙasar tasa ce.

Noman karkarar Kano ba ya jure wa tsaiko. Gonar da aka saba yi wa taki kowace shekara, in ta rasa shi shekara guda sai an gani a jikin zangarniya. Idan aka kwashe jakuna don ɗaukar kayan runduna, an yanke taki. Idan aka cinye iri, an yanke shuka. Ta haka ɓarnar wata guda takan bi gida har shekara biyu ko uku.

Ranar da runduna ta sauka

Rundunonin wancan zamani ba su tafiya da abincin da zai ishe su. Ɗan yaƙi yakan ɗauki ɗan guzuri, sauran kuwa ƙasar da aka sauka ita ke ciyarwa. Idan runduna ta doso gari, zaɓi biyu ne a gaban dagaci da dattawansa: ko a buɗe ƙofa a yi mubaya'a a nemi amana, ko a rufe a hau ganuwa. Garin da ya rufe aka ci shi da ƙarfi, dukiyarsa ta zama ganima, mutanensa kamammu. Garin da ya buɗe ya tsira da rai, amma ya ɗauki baƙin da ba su da ranar tafiya.

Abu na farko da akan nema shi ne hatsi. Akan raba wa unguwanni yawan damman da za su kawo, masu unguwa su bi gida gida. Na biyu abincin dawaki, watau harawa da ingirici da dusa, har da dawar kanta, domin dokin yaƙi mai ɗaukar lifidi ba ya rayuwa da ciyawa kaɗai. Harawar da aka ɗaure a kan bishiya don tumaki su ci da bazara, ita ce farkon tafiya. Na uku aikin ƙarfi: gyaran ganuwa, saran ƙaya, ɗaukar kaya zuwa zango na gaba. Manyan yaƙi sukan sauka a gidan dagaci da zaurukan attajirai, sauran jama'a su yi bukkoki a bayan gari.

Aikin mata yakan ninku. Runduna hatsi take karɓa, amma tuwo da fura take ci, tsakanin dami da tuwo kuwa akwai sussuka da shiƙa da surfe da niƙa, duk a hannun mata. Rijiyar da ta saba shayar da unguwa guda sai ta koma shayar da dawaki. Itace yakan yi wuya, tun da yake fita daji ta zama kasada, har a kai ga sare itatuwan gona waɗanda a da ba mai taɓa su. Masu gidajen da ke warwatse a gonaki kuwa dole su tattaro su shigo cikin ganuwa, su raɓa a gidajen dangi da awakinsu da kajinsu, su bar rumbunansu a waje ba mai tsaro. Cunkoso irin wannan a cikin marka shi ne abokin ciwon ciki.

Kasuwa ma takan canza kama. Arzikin karkarar Kano a kan tufafi yake: mace ta kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mabugi ya buga, fatake su ɗauka zuwa Azbin da Borno da Gwanja. Sarƙa ce, in ƙarfe ɗaya ya katse duk ta zube. Da hanyoyin arewa suka zama na mayaƙa, madugai sai su dakata ko su sake hanya. A maimakon wannan ciniki sai wani ya taso a bakin sansani, inda ɗan yaƙi ke sayar da akuya ko zane ko tasa da arha, mai saye kuwa ya san sarai daga inda kayan suka fito.

Mubaya'a biyu

Wahalar da ta fi ta ciki ita ce ta rashin sanin wanda za a bi. An tarbiyyantar da talaka a kan cewa bin na gaba bin Allah ne. To, ga Tukur da takardar Sarkin Musulmi a hannu, ga Alu da gidan sarki da ƙofofin birni. Limamin gari, sunan wa zai ambata a addu'a? Dagaci, jakadan wa zai shimfiɗa wa buzu? Wanda ya biya haraji ga jakadan Tukur da rani ba shi da wata shaida da za ta fisshe shi in jakadan Alu ya zo da kaka, hasali ma biyan da ya yi na farko shi ne laifinsa. Gaba kura, baya sayaki.

Irin wannan zama yakan lalata amana tsakanin maƙwabta. A kowane gari akwai gidan da ke riƙe da dagatanci da gidan da ke haƙonsa. Rikicin birni ya ba kowane mai jiran gado dama, domin ya isa mutum ya je sansani ya ce wane Batukure ne. Tsohuwar gabar iyakar gona ko ta neman aure sai ta sami sabuwar riga. Ko Sakkwato ba ta iya raba gardamar ba. Sarkin Musulmi ya umurci sarakunan maƙwabta su taimaki Tukur, amma mafi yawansu suka yi ta jan ƙafa, abin da ya nuna cewa su ma kansu a rabe yake.

Ɗa ya zama bawa

Babban abin tsoro a Basasa shi ne bauta. A shari'a, Musulmin da ya yi wa shugaba tawaye ana yaƙarsa har ya dawo, amma ba a bautar da shi, ba a mai da iyalinsa ganima. Bautar da 'ya'ya Musulmi yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi hani da su tun farkon jihadi. Duk da haka ɓangarorin biyu sun kama mutane sun sayar. Dalilin kuwa a fili yake. Ba albashi ake biyan mayaƙa ba, ganima ce ladansu, a zamanin da wuri ya yi nauyin ɗauka kuwa bawa shi ne babban kuɗi, da shi ake sayen doki da bindiga.

Akwai shaidar wanda ya gani da idonsa. Charles Robinson, wani Baturen Ingila mai nazarin Hausa wanda daga baya ya wallafa ƙamus, ya sauka a Kano a watan Disamba na 1894 ya zauna wajen wata uku, watau daidai lokacin da Alu ke fafatawa da sauran Tukurawa. A littafinsa na 1896 ya ba da labarin cewa an shigo da kamammu wajen 1,000 birni a karo guda, ya kuma lura cewa yawancin bayin da ake samu ba daga wata ƙasa mai nisa suke ba, daga garuruwan Hausawa ne 'yan'uwan masu kamun. Gaskiya ne Robinson yana da manufarsa ta jawo hankalin Ingila a kan cinikin bayi, ya kamata a karanta shi da wannan a zuci. Amma abin da ya faɗa ya dace da yanayin watannin da ya yi a garin.

Ga iyalin da aka kama wa mutum, abin da ya rage shi ne fansa: a bi sawu har kasuwa, a nemi shaidun da za su tabbatar wa alƙali cewa wane ɗa ne, ko a sayar da abin da aka mallaka a biya. In an riga an wuce da shi arewa, sai addu'a. Su kuwa bayin gandu lamarinsu ya sha bamban. Manyan bayin sarki sun shiga yaƙin tsundum, waɗansunsu ma suna cikin jigogin Yusufawa, sun kuma fito da ƙarfi fiye da da. Amma bawan da ke riƙe da fartanya a Fanisau, ko wa ya ci, gandu zai koma. Abin da ya sauya masa kawai shi ne sunan mai rumbun.

Bayan ƙura ta lafa

Mutuwar Tukur ba ta kawo wa arewa hutu nan da nan ba. Alu ya raba sarautu ga waɗanda suka yi masa wahala, aka ƙwace gidaje da gonakin Tukurawa, da yawansu suka yi hijira zuwa Katsina da Sakkwato. Garuruwa suka wayi gari da sababbin iyayen ɗaki da sababbin jakadu, kowannensu da bashin yaƙi a wuyansa da yake son ya fanshe. Ana wata ga wata, wajen 1898 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi ƙasar Kano, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Turawa suka ci Kano, Alu yana wajen Sakkwato. Ɗan'uwansa Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi, shi kuwa aka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1926. Yaron da aka haifa a ƙasar Dawakin Tofa a shekarar da Bello ya rasu, kafin ya cika shekara goma ya ga yaƙi uku.

Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa Basasa ta fi ƙarfin a kira ta rikicin 'ya'yan sarki kawai. Gidan Dabo ne ya yi faɗan, amma rumbun talaka ne ya ciyar da rundunonin biyu, jakinsa ya ɗauki kayansu, 'ya'yansa kuma suka zama ladan mayaƙa. An kuma nuna cewa abin da ya tsananta ɓarnar shi ne haɗuwar abu uku: yaƙi ya ratsa damina, ƙasa mai cikar jama'a ba ta da sararin jure tsaiko, kuma hukuma ta rabu biyu har ba inda za a kai ƙara.

Wannan ba tsohon labari ba ne kawai. A 'yan shekarun nan an ga ƙauyuka a Zamfara da Katsina inda manomi ke biyan masu bindiga kafin ya shiga gonarsa, sa'an nan a tuhume shi da haɗa kai da su. Sunaye sun sauya, amma tambayar da ke gaban dagaci ita ce dai ta 1894: a buɗe ƙofa ko a rufe? Ya kamata masu nazarin harshe da tarihi, musamman ɗalibanmu da suka fito daga waɗannan garuruwa, su koma ga sunayen unguwanni da kufai da tarihin gidaje, su tambayi daga ina kakanni suka taso, kuma me ya tashe su. Da Hausawa suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, 'ya'yan sarakunan Kano sun tabbatar da rabin maganar a 1895. Ɗaya rabin kuwa talakawan da suka ciyar da su ne suka fi kowa saninsa.